Ciwon gindin cinya: jan hankali ga ƴan kokowa, ƴan ƙwallo da manoma

Idan kaka ta yi, an yanke hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, to lokacin kokowa ya zo a ƙasar Adar. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, babu garin da ba a jin kiɗa da kirari a dandali. Kokowa gadonmu ce. A birnin Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a shekarar 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A gasar, kowace jiha daga cikin jihohi 8 tana kawo ƴan kokowa 10. Kowane saurayi mai ji da ƙarfi yana fatar wata rana a kira sunansa cikinsu.

Amma akwai wani ciwo da ke raba samari da fili tun ba su kai ko'ina ba. Ciwon yana zaune a gindin cinya, wurin da ake jin nauyin nuna wa mutane. Saboda kunya, da yawa suna ɓoye shi har ya yi ƙarfi. Yau za mu yi bayani a kansa dalla-dalla. Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: ciwon gindin cinya iri-iri ne, kuma kowane da maganinsa. Wani hutu yake so. Wani motsa jiki yake so. Wani sai fiɗa. Wani kuwa ko kwana ɗaya ba ya jira.

Yadda wurin yake

Gindin cinya shi ne wurin da ciki da cinya suka haɗu, dama da hagu na mara. A tsakiya akwai ƙashi, wanda ake kira ƙashin mara. Kowa zai iya taɓa nasa ya ji shi.

Mu ɗauki wannan ƙashi kamar turke. Igiyoyi biyu ne ke ɗaure a jikinsa. Tsokokin ciki suna jan shi sama. Tsokokin cikin cinya, waɗanda ke haɗe ƙafafu wuri ɗaya, suna jan shi ƙasa. Idan ƙarfin igiyoyin nan ya zo daidai, turke yana zaune lafiya. Idan ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, ko aka fizge ta ba zato, sai wani wuri ya yage.

Akwai kuma wani abu. Bangon ciki tsoka ne hawa-hawa, shi ke riƙe da hanji. A gindin cinyar namiji akwai wata ƴar hanya cikin wannan bango, wadda jijiyoyin maraina ke bi su sauka. Haka aka halicce mu. Sai dai wannan hanya ita ce wuri mafi rauni a bangon, kamar bakin ɗinki a jikin buhu. Buhu idan zai fashe, daga ɗinki yake farawa.

Ɗan kokowa yana buɗe ƙafafu ya kafe su cikin rairayi, ya ɗaga ƙato ɗan'uwansa, ya murɗa jiki. Ɗan ƙwallo yana gudu ya juya nan take, ya buga da ƙarfi. Mai langa yana tsalle da ƙafa ɗaya. Duk nauyin wannan aiki a gindin cinya yake sauka. Haka ma mai jan ruwa a rijiyar garka cikin fadamar Tarka ko ta Magiya, da ɗan dako mai ɗaukar buhun albasa na kilo 100 ko fiye, da mai kwasar duwatsun tare zaizayar ƙasa a tuddan Keita. Saboda haka wannan magana ta shafi manomi kamar yadda ta shafi ɗan wasa. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne: da damina yana gona, da kaka yana fili.

Ciwo na farko: yagewar tsokar cinya

Wannan ya fi kowane yawa. Yana zuwa farat ɗaya. Mutum yana cikin kokowa ko gudu, ƙafa ta zame ko ta buɗe fiye da kima, sai ya ji kamar an soke shi a cikin cinya. Yakan iya faɗin ranar da abin ya faru, har da lokacin.

Alamominsa:
1. Zafi a cikin cinya, daga gindi zuwa ƙasa.
2. Zafin yana ƙaruwa idan an matse gwiwoyi wuri ɗaya.
3. Wani lokaci wurin ya kumbura, ko fata ta yi duhu bayan kwana 1 ko 2.
4. Tari ba ya ƙara zafin.

Ga gwaji mai sauƙi. A kwanta rigingine, a lanƙwasa ƙafafu, a sa dunƙulen hannu tsakanin gwiwoyi, a matse. Idan zafin da aka saba ji ya taso a cikin cinya, to alama ce tsokar ce ta yi rauni.

Ciwo na biyu: ƙabar ƴan wasa

Wannan shi ne mai ruɗarwa. Ana ce masa ƙaba, amma ba ya fitar da ƙullutu, kuma hanji bai fito ba. Bangon ciki ne ya saki ko ya ɗan yage daga ciki, dab da ƙashin mara. Wani likitan fiɗa na birnin Landan a ƙasar Ingila, mai suna Jerry Gilmore, shi ya yi bayaninsa a shekarar 1980, bayan ya duba ƴan ƙwallon da ciwo ya hana su wasa wata da watanni ba a gane abin da ke damunsu ba.

Alamominsa:
1. Yakan faro a hankali. Mutum ba ya tuna ranar da ya soma.
2. Zafin yana can ciki, a ƙasan mara, galibi gefe ɗaya. Yakan sauka zuwa cinya ko maraina.
3. Yana tashi wajen gudu, juyi, bugun ƙwallo ko ɗaga abokin karo.
4. Tari, atishawa da tashi daga shimfiɗa suna tayar da shi.
5. Washegarin wasa jiki ya sandare, mutum ya riƙa tafiya a hankali.
6. Idan an huta ya lafa. Da an koma fili ya dawo.

Alama ta 6 ita ke yaudarar mutane. Saurayi ya huta sati ɗaya, ya ji garau, ya ce ya warke. Ya shiga fili, ciwo ya dawo. Tun da ba a ganin komi a ido, sai abokai su ce tsoro ne, ko a ce abokin gaba ne ya yi masa jifa. A tafi neman makari, a kashe kuɗi, lokaci yana wucewa. Alhali rauni ne na tsoka, kamar kowane rauni.

Ciwo na uku: ƙaba ta ainihi

A nan ƴar hanyar da muka faɗa ce ta buɗe. Hanji ko kitsen ciki ya turo ta wurin, ya yi ƙullutu a ƙarƙashin fata. Idan aka bar shi, yana iya sauka har cikin maraina, su kumbura. Shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da ake kira gwaiwa.

Alamominsa:
1. Ƙullutu mai laushi a gindin cinya.
2. Yana fitowa idan an tsaya, ko an yi tari, ko an ɗauki kaya.
3. Yana komawa idan an kwanta, wani lokaci har a ji ƙugin ciki.
4. Ana jin nauyi da ja, musamman da marece bayan aiki.

Kada kowa ya ji kunya, domin wannan ciwo ruwan dare ne. Lissafin likitoci ya nuna cikin maza 100, wajen 27 za su gamu da shi a rayuwarsu. Cikin mata 100 kuwa, wajen 3 ne. A duniya ana yi wa mutum fiye da miliyan 20 fiɗar ƙaba kowace shekara. Ko jariri ana iya haifar shi da ita. Tari mai daɗewa, taurin bayan gida, yunƙuri wajen fitsari da shan taba, duk suna ƙara ta.

Ƙabar babban mutum ba ta rufewa da kanta. Jiƙo ba ya rufe ta, laya ba ta rufe ta, ɗamara ba ta rufe ta. Ramin bango sai an toshe shi, kuma fiɗa ce kaɗai ke yin haka.

Abubuwan da ke kama da su

Akwai waɗansu cututtuka da ke zama a wuri ɗaya da waɗannan. Ya kamata mu san su.

Kaluluwa: ƴan ƙullutai ne masu tauri da zafi. Sukan biyo bayan miki ko ƙaya a ƙafa. Ba sa komawa ciki idan an kwanta. Maganin mikin shi ne maganinsu.

Gwaiwar ruwa: ruwa ne ke taruwa a kewayen maraina. Kumburin ba ya raguwa da kwanciya, tari kuma ba ya ƙara shi. Ita ma ana yi mata fiɗa a rabu da ita.

Ciwon sanyi: zafin fitsari, fitar mugunya da kumburin maraina. Yana buƙatar magani na asibiti, ga miji da mata baki ɗaya.

Ciwon ƙugu: gaɓar da ta haɗa cinya da ƙugu tana iya aiko da zafi zuwa gindin cinya. Yaro mai tasowa da ke ɗingishi yana kukan cinya ko gwiwa, a kai shi a duba ƙugunsa.

Kun ga ke nan, wuri ɗaya ne amma cututtuka da yawa. A shekarar 2014, sai da manyan likitocin wasanni suka taru a birnin Doha na ƙasar Katar, domin su daidaita yadda za a riƙa rarrabe ciwon gindin cinya. Abin da ya tara masana haka, bai kamata mu yanke masa hukunci a bakin kasuwa ba.

Ranar da ba a jira

Wannan sashe ya fi kowane muhimmanci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wata rana hanjin da ya fito yakan maƙale a bakin ramin, ya ƙi komawa. Ramin ya shaƙe shi kamar zarge. Jini ya daina isa gare shi. Cikin awa 6 hanjin yana iya fara mutuwa. Idan ya ruɓe ya fashe cikin ciki, rai yana cikin hatsari.

Ga alamomin:
1. Ƙullutun da ya saba komawa ya ƙi komawa.
2. Ya yi tauri, yana zafi ƙwarai, ba ya taɓuwa.
3. Amai.
4. Ciki ya kumbura, babu bayan gida, babu fitar iska.
5. Fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, ko zazzaɓi ya zo.

Idan an ga haka, ko da tsakar dare ne, a nemi mota, babur ko amalanke, a tafi gidan likita mafi kusa. Kada a danna ƙullutun da ƙarfi. Kada a yi masa sakiya, domin abin da ke ciki hanji ne. Kada a ba maras lafiya fura, abinci ko jiƙo, saboda mai yiwuwa a shiga da shi ɗakin fiɗa nan take. Kada a ce sai gari ya waye, ko sai an sayar da akuya ranar kasuwa. A tafi tukuna, dangi su biyo da kuɗi.

Mata su lura: ƙabarsu takan zama ƙarama, a can ƙasa wajen saman cinya, amma ta fi ta maza saurin shaƙewa. Mace da ta ga ƙullutu a wurin ta je a duba ta da wuri.

Akwai ciwo na biyu da ba ya jira. Idan yaro ko saurayi ya ji zafi mai tsanani farat ɗaya a maraina, gefe ɗaya, sau da yawa tare da amai, mai yiwuwa jijiyar ce ta murɗe. Shi ma awa 6 ne. Idan an makara, ana iya rasa ƙwayar.

Abin da za a tarar a gidan likita

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ma'aikacin lafiya ya ga irin wannan ciwo sau da yawa, kuma aikinsa ya hana shi fallasa asirin maras lafiya.

Zai yi tambayoyi: yaushe ciwon ya fara, wane aiki ke tayar da shi, ko akwai ƙullutu, yaya fitsari da bayan gida. A faɗi gaskiya, har da magungunan da aka riga aka sha. Zai duba mutum a tsaye da kwance. Zai sa hannu a wurin ya ce a yi tari. Zai sa a matse gwiwoyi, a ɗaga kai daga kwance. Yawancin lokaci, hannu da tambaya sun isa a gane ciwon. Idan akwai shakka, sai a aika mutum ɗaukar hoton ciki da ake kira eko.

Hanyar ita ce: a fara da gidan likita na kusa. Daga nan za a ba da takarda zuwa asibitin gunduma, a Madawa, Buza ko Keita. Abin da ya fi ƙarfinsu sai babban asibitin Tawa. Akwai kuma asibitin Galmi, a kan babbar hanya tsakanin Madawa da Birnin Ƙonni, wanda ke aiki tun 1950 kuma ana fiɗa a cikinsa. Lokaci-lokaci ayarin likitocin fiɗa yakan zagaya gundumomi. A riƙa sauraren sanarwa a rediyo.

Fiɗar ƙaba da aka shirya cikin natsuwa aiki ne da likitoci suka saba da shi. Ana mayar da hanji, a ɗinke ramin, sau da yawa a shimfiɗa wata ƴar raga ta musamman domin ta ƙarfafa bangon. Fiɗar gaggawa, bayan hanji ya shaƙe, ta fi hatsari, ta fi tsada, ta fi daɗewar jinya. Manomi mai dabara yakan sa a yi masa aikin da rani, domin damina ta same shi da ƙarfinsa.

Jinyar tsokar da ta yage

Kwana 2 zuwa 3 na farko:
1. A bar wasa nan take. Kada a ce sai an gama karon.
2. A sa sanyi a wurin, minti 15, sau 3 ko 4 a yini. Idan akwai ƙanƙara, a naɗe ta cikin tsumma. Idan babu, a jiƙa tsumma da ruwan randa.
3. Kada a yi gashi da ruwan zafi, kada a murza, kada a ja ƙafar. Nama ne ya yage yana zubar da jini daga ciki. Murza tana ƙara yagewar.
4. Kada a yi tsaga ko ƙaho a wurin. Mai ɗori ma ba shi da aiki a nan, tun da ƙashi bai karye ba.
5. A riƙa ƴar tafiya a cikin gida gwargwadon yadda zafi ya bari.

Domin rage zafi, babban mutum yana iya shan farasitamol mai lamba 500, ƙwaya 2, sau 3 a yini. Kada a wuce haka. A saye shi a wurin sayar da magani na hukuma.

Muna jan kunne game da tiramol da ire-irensa da ake sayarwa a kan tire. Ba sa warkar da komi. Suna rufe bakin ciwo ne kawai. Zafi ɗan aike ne, yana gaya mana wani abu ya lalace. Wanda ya sha ƙwaya ya shiga fili, zai ƙara yaga abin da ya yage bai sani ba. Bayan haka ƙwayar tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita, tana kuma iya kawo farfaɗiya.

Ƙaramar yagewa takan warke cikin sati 2 zuwa 3. Babba, wadda tsoka ta tsinke, tana ɗaukar wata 2 zuwa 3.

Kwanciya kaɗai ba ta isa ba

Da yawa suna zaton maganin ciwon da ya daɗe shi ne a kwanta har ya wuce. An gwada wannan. A shekarar 1999, wani likita mai suna Per Hölmich na birnin Kopenhagen a ƙasar Denmark ya ba da sakamakon gwajin da ya yi da ƴan wasa 68 masu tsohon ciwon gindin cinya. An raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka yi musu tausa da miƙar jijiya da magani na na'ura. Ɗaya kashin aka koya musu motsa jiki na ƙarfafa tsokokin cinya da na ciki, sati 8 zuwa 12. Cikin masu motsa jiki, mutum 23 suka koma wasa babu ciwo. Cikin ƴan tausa, mutum 4 ne kawai.

Darasin a fili yake. Hutu yana kwantar da zafi, amma tsokar tana nan da rauninta. Sai an sake gina ƙarfinta sannu a hankali. Ga motsa jiki 4 da ba sa buƙatar kuɗi. A fara su bayan zafin farko ya lafa, kuma bayan ma'aikacin lafiya ya tabbatar ba ƙaba mai ƙullutu ba ce.

1. Matsa ƙwallo. A kwanta rigingine a kan tabarma. A sa ƙwallo ko naɗaɗɗen bargo tsakanin gwiwoyi. A matse, a ƙirga 10, a saki. A yi sau 10. Idan ƙarfi ya ƙaru, a kai ƙirgar 30.
2. Ɗaga ƙugu. Ana kwance, tafin ƙafafu a ƙasa. A ɗaga ƙugu sama, a ƙirga 5, a sauke. Sau 10.
3. Tsayuwa da ƙafa ɗaya. A ƙirga 30, a canja ƙafa. Idan an gwane, a yi a kan rairayi.
4. Tafiyar gefe. A ɗan durƙusa, a yi taku 10 zuwa dama, taku 10 zuwa hagu.

Dokar ita ce: ɗan ja-ja a tsoka ba laifi. Zafi mai suka, ko wanda ya kwana har gobe, yana nufin an yi gaggawa. A rage, a koma baya kaɗan.

Ƙabar ƴan wasa ma da wannan hanya ake fara mata, wata 2 zuwa 3. Idan an yi haka da gaske ciwo bai bari ba, sai likitan fiɗa ya duba ko za a gyara bangon. Bayan irin wannan fiɗa, yawancin ƴan wasa suna komawa fili cikin sati 6 zuwa 12.

Yaushe za a koma fili?

Ciwo ne ke ba da izini, kiɗan makaɗa ba ya bayarwa. A bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada a hau na gaba sai an yi na baya babu zafi, ranar da kuma washegari.

1. Tafiya mai nisa.
2. Sassarfa a miƙe.
3. Gudu sosai.
4. Gudu da juyi, da bugun ƙwallo a hankali.
5. Kokowar gwaji da aboki wanda ya san da ciwon.
6. Karo na gaske.

Wanda aka yi wa fiɗa ya fara tafiya tun kwanakin farko, domin tafiya tana taimakon warkewa. Ya riƙe mikin da tsabta. Ya sha ruwa da yawa, ya ci ganye irin su zogale da kuka domin bayan gida ya yi laushi. Ɗaukar buhu, jan ruwa da kokowa kuwa, sai ranar da likita ya ce. Idan mikin ya yi ja, yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya haƙura da kaka ɗaya yana iya yin kokowa shekaru da yawa. Wanda ya ƙi haƙuri yana iya rasa fili, ya rasa gona.

Rigakafi ya fi magani

Na farko, a ɗumama jiki. Da sanyin hunturu ake yawan kokowa, tsoka mai sanyi kuwa kamar busasshiyar fata take, saurin tsagewa gare ta. Kafin karo a yi minti 10 zuwa 15 ana sassarfa, ana tafiyar gefe, ana kaɗa ƙafafu gaba da baya, har zufa ta fara fitowa.

Na biyu, a ƙarfafa cikin cinya. Akwai wani motsi da ake yi mutum biyu. Ɗaya ya kwanta ta gefe, ya dogara da gwiwar hannu. Abokinsa ya tsaya ta baya, ya riƙe ƙafar sama a daidai ƙugunsa, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a idon sawu. Na kwance ya ɗaga jikinsa ya miƙe sambal, ya ɗago ƙafar ƙasa ta taɓa ta sama, sannan ya sauke a hankali. A fara da sau 3 zuwa 5 kowane gefe, kwana 3 a sati. A riƙa ƙarawa har a kai sau 12 zuwa 15. Idan lokacin wasa ya kama, sau ɗaya a sati ya isa. An gwada wannan motsi a ƙungiyoyin ƙwallo 35 na ƙasar Norwe, kuma ya rage matsalar gindin cinya da kashi 41 cikin 100. Tabarma da aboki kawai yake buƙata.

Na uku, a shiga wasa sannu-sannu. Aikin gona yana ba da ƙarfi, amma noma daban, murɗa jiki daban. A yi sati 3 ko 4 ana shiri kafin karon farko. Kada a yi kokowa kowane dare gari-gari babu hutu. Gajiyayyar tsoka ita ke yagewa.

Na huɗu, a gyara fili. A kwashe duwatsu, a cike ramuka, a zuba rairayi mai laushi. A haɗa yaro da tsaransa.

Na biyar, a iya ɗaukar kaya. A durƙusa da gwiwoyi, a jawo kayan kusa da jiki, a tashi da ƙarfin ƙafafu, ana fitar da numfashi. Babban buhu a kama shi mutum biyu.

Na shida, a yi maganin tari da taurin ciki. Tarin da ya wuce sati 2 a kai shi gidan likita. A bar taba.

Kira ga manya

Saurayi ba ya son a ce ya ji tsoro. Idan makaɗi ya kira sunansa a gaban ƴanmata, zai shiga fili ko da yana ɗingishi. Saboda haka nauyin yana kan manya. Sarkin ƴan kokowa, tsofaffin ƴan kokowa da masu horar da ƴan ƙwallo, ku ne kuke ganin wanda ke dafe mara bayan karo. Ku kira shi gefe ku tambaye shi. Ku hana shi shiga, kuma ku faɗa wa jama'a da bakinku cewa ku kuka hana shi, domin kada a yi masa gori. Iyaye da matan aure, idan kun ga mutum yana tashi daga shimfiɗa da ƙyar, ku matsa masa ya je a duba shi. Masu wasa da dariya kuma su bar yi wa mai gwaiwa ba'a. Wannan ba'a ita ke sa mutane ɓuya har ciwo ya kai su ga halaka.

Abin da za mu riƙe

Zafi a cikin cinya bayan zamewa: hutu, sanyi, sannan motsa jiki.
Zafi a ƙasan mara mai tafiya yana dawowa, babu ƙullutu: a je a duba, a ƙarfafa tsoka wata 2 zuwa 3.
Ƙullutu mai fita yana komawa: a je asibiti a sa ranar fiɗa.
Ƙullutu da ya ƙi komawa, ga zafi ga amai: a tafi yanzu-yanzu.

A karanta wannan shafi a ajin yaƙi da jahilci, a majalisa, da bakin fili kafin a fara kiɗa. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu kaka mai albarka.